Wakilin Kamfanin Magani: A Wuyan Wa Asara Za Ta Kwana?

Ran wata Lahadi da la'asar na je gai da wani dattijo mutumin Katuzu, wanda yake zaune a Agege tun zamanin mulkin Shagari yana cinikin tumaki da awaki. Na tarar da shi a ƙofar gida da wata takarda a hannu, ya sha ninke ta da warewa har ta fara tsagewa. Bai iya karatun Turanci ba, amma ya haddace abin da ke ciki, domin sau uku ana karanta masa. Lauyan wani kamfanin magunguna ne ya aiko da ita, yana cewa ɗan ƙanensa da ya tsaya wa ya bar aiki da giɓin kuɗin kamfani, saboda haka shi da ya sa hannu a takardar lamuni ya biya cikin mako biyu, in ba haka ba magana ta je gaba.

Na ce masa, "Alhaji, ran da kuka sa hannu, an karanta muku abin da takardar ta ƙunsa?"

Ya ce, "Malam, yaron nan ya gama jami'a, ya shekara uku yana zaman gindin maina. Sai ya bugo waya ya ce, 'Baffa, an ɗauke ni aiki, mai tsaya mini kaɗai ya rage, sun kuwa ce sai mazaunin Ikko mai shago.' To, me zan tsaya tambaya? Dangwalawa na yi, na yi masa addu'a."

Ba zan ambaci sunan yaron ba, balle na kamfanin, domin labarin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ku da kuke zaune a Sabo ta Badun, da Shagamu, da Idi-Araba, da Alaba Rago, da Anaca, da Fatakwal, in kun yi shiru kun tuna, da wuya a rasa wanda aka taɓa kawo wa irin wannan takarda ya dangwala. Kamfanonin magunguna galibinsu a nan Kudu suke, a Ikeja da Isolo da Ota da Agbara. Kasuwarsu kuwa ta kai har bakin iyakar Nijar. Suna bukatar samarin da suka san hanya, suka iya harshen mutanen wurin, suna kuma bukatar wanda za a kama a kusa in abu ya ɓaci. Na farkon 'ya'yanmu ne, na biyun mu ne. Saboda haka yadda ake biyan waɗannan samari da yadda ake bi da su magana ce da ta shafe mu kai tsaye, kuma ra'ayina shi ne an tsara aikin ne yadda riba za ta hau sama, asara ta gangaro kan wanda ya fi kowa rauni.

Bari mu fara da aikin kansa, domin da yawa daga cikinmu in an ce wane wakilin kamfanin magani ne, abin da ke zuwa mana a rai shi ne farar riga da laktaye da mota mai tambari a ƙofa. Yaron da nake magana a kansa, yankin da aka yanka masa ya taso daga Nguru, ya bi ta Jajimaji zuwa Gashuwa, ya miƙa Yusufari da Gaidam, ya juyo ta Jakusko. Wanda ya san arewacin Yobe ya san wannan ba ƙaramar ƙasa ba ce. Nguru tun 1930 da jirgin ƙasa ya iso ta daga Kano take tashar fatauci, Gashuwa kuwa gari ne na Mai Bade a bakin kogin Yobe, mai kifi da shinkafa, ga jami'ar tarayya tun 2013. Akwai manyan asibitoci a garuruwan biyu. Amma akasarin cinikin wakili yana wajen ƙananan kemis na unguwa da na ƙauye, irin waɗanda ke Katuzu da Zango da ƙauyukan fadama, masu ɗaukar kwali ɗaya ko rabi.

Mai kemis na ƙauye ba ya da jarin da zai biya nan take. Shi ma bashi yake ba manomi da masunci, sai kaka ta yi ko an sayar da kifi. Dole wakili ya ba shi kaya bashi, in ya ƙi, wakilin wani kamfani yana bayansa zai bayar. To, a nan ne maganar take. Ranar da kaya suka fita daga sito, ba a rubuta su da sunan mai kemis, da sunan wakili ake rubutawa. A littafin kamfani shi ne ya ci bashin. In mai kemis ya rasu, ko gobara ta cinye shagonsa, ko ya kwashe ya yi Diffa, kamfani bai san da wannan ba. Abin da ya sani shi ne wane ya ɗauki kaya na kaza, ya kawo kaza, saura kaza.

Sa'an nan ga adadin ciniki da ake yanka wa kowa a wata, abin da su ke kira taget. Mutumin da ya yanka shi yana zaune a ofis mai sanyi a Ikko, ya duba taswira ya ga Yobe, ya duba abin da aka sayar bara ya ƙara wani abu a kai. Bai san cewa da damina akwai ƙauyukan da sai da kwalekwale ba. Bai san abin da ambaliyar 2022 ta yi wa mutanen kwarin Haɗeja zuwa Gashuwa ba, bai kuma san yadda ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tsai da ciniki cik a kasuwannin da ba banki ba. Albashin da aka tabbatar wa wakili ɗan kaɗan ne, sauran kamasho ne, kamasho kuwa ba ya fitowa sai an cika adadi, a wasu wuraren ma sai an cika adadi an kuma tattaro kuɗin cikin kwanakin da aka ƙayyade. Wanda ya kai kashi tamanin cikin ɗari yana iya tashi da hannu biyu, tamkar wanda ya kwana a gida.

Abin da ya fi ba ni haushi cikin bayanin yaron, da na same shi ta waya, shi ne al'adar ƙarshen wata. Manajan shiyya shi ma akwai adadi a kansa. In wata ya zo ƙarewa lissafinsa bai cika ba, sai ya bi yaransa ɗaya ɗaya da waya, ya ce a ɗauki ƙarin kaya. Yaro ya ce, "Oga, na hannuna ma ba su ƙare ba." Ya ce, "Ɗauki dai, za su shiga." Sai a loda masa kwalaye da bai nema ba, wasu ma saura 'yan watanni wa'adinsu ya ƙare. Lissafin manaja ya cika, an yaba masa a taro, bashin yaro ya ƙaru. Kayan su kwanta a ɗakin haya mai rufin kwano a Gashuwa, inda zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, alhali a jikin kwalin an rubuta kada a ajiye a wurin da ya wuce digiri 30. Maganin ruwa ya canza launi, na shafawa ya narke, wa'adin wasu ya ƙare. Ya nemi mayarwa, a ce ai ya riga ya sa hannu ya karɓa lafiya lau.

Wani abin kuma da ba kowa ya lura da shi ba: wakili yana gasa ne da kayan kamfaninsa. Manyan dillalan Kano suna ɗaukar kaya mota mota, ana yi musu rangwamen da ba a yi wa wakili. Da can a Sabon Gari suke, har watan Fabrairu na 2024 da NAFDAC da Hukumar Kula da Harkar Magunguna suka rufe shaguna fiye da dubu, aka tilasta musu komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a hanyar Zariya. Wuri ya sauya, amma farashin sari yana nan. Mai kemis na Nguru in ya tara 'yan kuɗi sai ya shiga mota ya je Kano ya sayo da araha. In ba shi da kuɗi, sai ya jira wakili ya ba shi bashi. Watau cinikin hannu da hannu na dillali ne, cinikin bashi shi ne rabon wakili.

Ga kuma kuɗin mai. Kafin ran 29 ga Mayu, 2023, ana sayar da litar fetur ƙasa da Naira 200. Cikin 'yan kwanaki da janye tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Alawus ɗin mai da aka yanka wa yaron nan ya yi watanni bai motsa ba, da ya motsa kuwa bai kai rabin abin da hanya take ci ba. Taya ta fashe tsakanin Bayamari da Gaidam, ya gyara da kuɗin da ya karɓo daga kemis, ya aika rasit, akanta ya ce ba a ba shi izini ba tukuna. A shingayen hanya ana miƙa abin da ake miƙawa, wannan ba ya da rasit. Yau Naira dubu biyar, gobe dubu goma, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga odita ya iso da littafi. Ya haɗa bashin kemis da ba a biya ba, da kayan da suka lalace, da kuɗin mai da na gyara, ya ja layi ya rubuta giɓi. Wannan giɓin ne ya zama takardar da Alhaji yake ninkewa a Agege.

Kada a ce na zama lauyan samari. Akwai wakilan da suke cin amana, wannan ba a musunsa. Akwai wanda ya karɓi kuɗin kamfani ya yi aure da su, akwai wanda ya buɗe nasa shagon da kayan da ba nasa ba, akwai mai rubuta sunayen kemis da ba su wanzu ba. Shi kansa yaron namu na gaya masa gaskiya, ran da ya fara taɓa kuɗin ciniki don zuba mai ba tare da rubutaccen izini ba, ran nan ya miƙa wuyansa. Su ma kamfanonin ba a kan gadon fure suke ba. Galibin sinadaran da suke haɗa magani da su daga Indiya da Sin ake shigo da su, da Dala. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin Gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Da gas suke tafiyar da injuna, ruwan banki kuwa ya yi tashin gwauron zabo. GlaxoSmithKline, bayan fiye da shekara 50 a Nijeriya, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai rufe harkarsa ya miƙa rarraba kayansa ga wasu, Sanofi ya bi sahu a watan Nuwamba. Wakilan da suka fi kowa albashi mai kyau a wannan sana'a da yawansu a irin waɗannan kamfanoni suke. Duk na yarda da wannan. Amma tambayata ita ce, in kasuwa ta yi tsanani, wa ya fi ƙarfin ɗaukar nauyin, mai masana'anta da banki da inshora, ko yaron da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata? Wanda yake cin ribar ciniki shi ya kamata ya ɗauki hasararsa. Wannan ƙa'ida ce da kowane ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya sani. Yaron shago in ya ba da bashi da izinin maigida aka gudu da shi, ba a sayar da gonar ubansa.

To, ina doka? A nan ne abin mamaki yake, kuma ina roƙon mai karatu ya natsu. Dokar ƙwadago da muke aiki da ita an gaje ta tun zamanin Janar Gowon. Tana da tanadi masu kyau. Sashe na 7 ya wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Sashe na 5 ya taƙaita abin da za a iya cirewa daga albashi, ya ce jimillar abin da aka cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku. Sai dai a sashe na 91, inda aka fassara wane ne ma'aikaci, an lissafa waɗanda ba sa cikin wannan inuwa, a cikinsu kuwa har da wakilai da 'yan aike na kasuwanci da masu yawon talla, muddin aikinsu a wajen harabar kamfani suke yin sa. Kamar dai an ɗauki hoton yaron Katuzu aka manna a wurin. Leburan da ke loda kwali a sito a Ikeja doka ta san da shi, wanda ya ɗauki kwalin ya ratsa ƙasar nan da shi har Gaidam an bar shi da abin da ya sa wa hannu kawai.

Ba a nan ta tsaya ba. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, aka yi ta murna. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyaran, ta keɓe waɗanda ake biya da kamasho, ta kuma keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Saboda haka kamfanin da ya ce wa yaro kai ɗan kamasho ne, ko ya ɗauke shi ta hannun wani ƙaramin ɗan kwangila, ya fita daga wannan ma. Ƙofa biyu ke nan aka rufe wa mutum ɗaya.

Akwai dai ƙofofin da suke buɗe, sai dai samarinmu ba su san da su ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ikon sauraren duk wata rigimar aiki, ba ta korar mutum don shi wakili ne, tana duba takardar aikinsa da yadda aka bi da shi. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa maigida zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda ya yi hatsari a bakin aiki ya sami diyya, kuma hanya ita ce bakin aikin wakili. Dokar fansho ta 2014 ta ce maigida ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Yaro nawa ne ya taɓa duba ko ana zuba masa? Mafi muhimmanci ga masu tsayawa irin su Alhaji, dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, a sashe na 36 kuma ta hana kama wani a madadin wani. Abin da ake yi don kauce wa wannan shi ne a rubuta ƙara a kira bashin cin amana, sai a kai yaro caji ofis, a tsorata dangi su tara kuɗi. Wanda ya san haƙƙinsa ya kan nemi a baje littafin a gaban alƙali, a ware abin da aka ci daga abin da ke hannun masu kemis.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce wannan magana ta wuce ta albashi. Magani ba atamfa ba ne. In ka matsa wa mai tallar atamfa ya sayar da yawa, iyakarta wata ta sayi zanen da ba ta bukata. In ka matsa wa mai tallar magani, ka ce abincin 'ya'yansa yana rataye da yawan kwalayen da ya fitar, to, ka sani zai nemi mai saye ko wane ne, kuma wanda ke biya nan take ba tare da neman bashi ba sau da yawa shi ne wanda bai kamata a sayar wa ba.

Mun ga wannan da idonmu. A watan Oktoban 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan uku na maganin tari mai kodin kullum a Kano da Jigawa. Ni dai wannan adadi ya yi mini kama da kintace, amma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum wajen miliyan 2.4 ne suka sha irin wannan magani ba don ciwo ba cikin shekara guda. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da fim ɗin binciken da ta yi a ɓoye, aka ga ma'aikatan wasu kamfanoni, har da wakilin ciniki na Emzor, suna sayar da kodin ta bayan fage. Washegari, ran 1 ga Mayu, Ministan Lafiya Farfesa Isaac Adewole ya sanar da hana haɗawa da shigo da maganin. Emzor ya kori wakilin. NAFDAC ta rufe Emzor a Ikko, da Bioraj da Peace Standard a Ilori, bayan 'yan kwanaki aka buɗe su. Wanda ya sayar da guba ga 'ya'yan mutane ya cancanci hukunci, ba na nema masa sassauci. Amma muhawarar da aka yi a lokacin ta tsaya ne kan lalacewar tarbiyya da kwaɗayin mutum ɗaya ɗaya. Tsarin da ake auna wakili da shi a duk faɗin sana'ar, watau kwali nawa ka fitar, nawa ka kawo, ba a taɓa shi ba. An hana kodin, sikelin yana nan.

Mutanen Gashuwa suna da dalili na musamman da za su damu da wannan. Ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗaukar rayuka a ƙasar Bade, har Gwamnatin Jihar Yobe ta sa masana su binciki musabbabinsa. Ko me binciken ya ƙare a kai, likitoci sun daɗe da sanin cewa yawan shan magungunan kashe zafin ciwo irin su diclofenac da ibuprofen ba da umarnin likita ba yana lahanta ƙoda. Manomin fadama da masunci da mai dakon kaya su ne masu haɗiyar waɗannan ƙwayoyi safe da yamma don su iya tashi aiki. Garin da yake fama da irin wannan cuta bai kamata a ce wani a Ikko yana yanka wa saurayi adadin kwalayen maganin ciwon jiki da dole ya shigar a cikinsa kowane wata ba.

Wannan ba ciwon Nijeriya kaɗai ba ne. A Amurka kamfanin Purdue ya fito da maganin OxyContin a 1996, yana ba wakilansa lada gwargwadon yawan abin da likitocin yankinsu suka rubuta. A 2007 aka same shi da laifin yaudarar jama'a game da haɗarin kamuwa da jarabar maganin, aka ci shi da manyansa tarar fiye da Dala miliyan 600, bayan an riga an yi ɓarnar da har yau ba su gama fita daga cikinta ba. Misalin da ya fi amfani gare mu kuwa shi ne na Indiya, inda magungunanmu da yawa suke fitowa. Wakilan kamfanonin magani na can sun haɗa ƙungiya tun shekarun 1960, suka yi ta fafutuka har a 1976 majalisarsu ta yi doka ta musamman domin masu tallar magani, wadda ta wajabta a ba su takardar ɗaukar aiki, ta ba su hutu, ta shigar da su ƙarƙashin dokokin rigimar aiki da na diyya. Ramin da suka cike a 1976 shi ne namu yake buɗe har yanzu.

Gyaran sashe na 91 aikin Majalisar Tarayya ne, ba ya kuwa bukatar kasafin kuɗi, share layi ɗaya ne. Arewacin Yobe yana da wakilai a majalisun biyu, haka Kano da Jigawa da Borno waɗanda 'ya'yansu suke wannan aiki. In sun zo Ikko ko Badun neman goyon bayan 'yan Arewa mazauna Kudu, kamar yadda suka saba in zaɓe ya ƙarato, ga tambayar da za a yi musu. Hukumar da ke ba kamfanoni lasisi ita ma tana da ikon ta sa sharaɗi cewa kayan da wa'adinsu ya ƙare kamfani ne zai karɓe su ya lalata da kuɗinsa, domin wakilin da aka ce shi zai biya, ba zai zubar ba, zai nemi ƙauyen da ba a karanta kwanan wata. Su kuma samarin, sashe na 40 na tsarin mulki ya ba su 'yancin haɗa ƙungiya. Na san a warwatse suke, wani a Nguru wani a Mubi, kowa yana tsoron kada manaja ya ji. Amma tun da suna iya haɗuwa a waya su yi ta ƙorafi dare da rana, suna iya haɗuwa su rubuta abin da suke nema.

Namu kason ya fi sauƙi, kuma ba ya jiran kowa. Kada wanda ya ƙara dangwala hannu a takardar lamuni sai an karanta masa ita da Hausa, ya ji ko iyakar abin da ya ɗauka nawa ne, ya ji ko sata kaɗai ya tsaya wa ko har da bashin masu kemis. In ba a rubuta iyaka ba, ya nemi a rubuta, in an ƙi, ya san dalili. Ya ce a nuna masa takardar ɗaukar aikin yaron: nawa ne tabbataccen albashi, wa ke biyan mai, wa ke ɗaukar kayan da suka lalace. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da sauran zangunanmu suna da lauyoyi da 'yan boko a kusa da su, ba zai gagara ba a ware rana ɗaya a mako da mutum zai kawo irin wannan takarda a duba masa kafin ya sa hannu. Mun iya tara kuɗi in an kama ɗanmu, to, mu tara na lauyan da zai karanta takarda tun ba a kama shi ba.

Shi Alhaji mun kai takardarsa wurin wani lauya ɗan Fataskum da ke Ikeja. Ya rubuta wa kamfanin ya nemi a kawo lissafi dalla-dalla, a ware bashin da ke hannun masu kemis, da kayan da aka loda wa yaron ba da bukatarsa ba, da abin da ya kashe a kan motarsu. Yaron kuma ya koma Katuzu, ya ari babur yana bin masu kemis ɗaya ɗaya, kowa yana rubuta masa abin da ake binsa ya sa hannu. Mako shida ke nan da aika wasiƙar lauyan, kamfanin bai amsa ba, bai kuma sake aiko da tasa ba. Alhaji ya sa raguna huɗu a gefe ya hana a sayar, ya ce sai ya ga yadda za ta kaya.